Ruwan Wankin Mai Kwaɓi

'Yar ƙanwata ba ta taɓa taka kamfanin roba ba sai bana, amma in kana son sanin yadda kasuwarsu take tafiya, ita za ka tambaya. A bahon wanki take gani.

Mijinta ne mai kwaɓa roba a kamfanin, har aikin ya zame masa suna, yaran layi ma Mai Kwaɓi suke ce masa. Ƙananan kayan mota suke yi, irin waɗanda ba a tunawa da su sai sun lalace: robar ƙofa, robar gilashi, tiyon ruwa, da robar da inji ke zama a kai. Kafin a zuba roba a mazubi a gasa ta, sai an kwaɓa ɗanyarta da wani baƙin gari mai laushi kamar kwalli. Nan yake tsayawa, gaban manyan ƙarafa biyu masu juyawa, yana barbaɗa garin da hannu, yana yanko roba da wuƙa yana mayarwa. Rabin garin ya shiga roba, sauran ya biyo shi gida.

Tun tana sabuwar aure ta koyi karatun. In ruwan farko na wankin kayansa ya fito kamar tawada, ta san aiki ya yi yawa, an yi kwaɓi daga safe har yamma. In ya fito toka-toka, kasuwa ta ja baya, sai ta rage hannu a kicin ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Matan sauran ma'aikata kan leƙo ta katanga su tambaye ta, "Maman yara, yau ya ruwa?" Ita kuma ta ɗaga bahon kaɗan su gani. Takan ce duk layin ita kaɗai ce macen da ke murna da datti. Da wannan baƙin ruwa ta yi rainon 'ya'yanta, kuma gefen farcenta bai taɓa rabuwa da shi ba.

An yi wata shekara mai wuya. Kaya masu araha suka cika kasuwa daga waje, injuna suka yi shiru, ma'aikata suna wuni a gindin bishiya. Shi dai kullum baƙi ƙirin yake dawowa. Sai dai ƙirjin rigar da hannuwanta ne baƙi, wuyanta fes, cikin aljihu fes. Garin aiki kuwa ba ya barin wuya, har cikin ɗinki yake shiga. Ta wanke, ta shanya. A makon ta fara karɓar ɗinkin maƙwabta, ta ce masa zaman banza ne ya ishe ta. Ya ce to. Shekarar ta wuce, injuna suka tashi, maganar ba ta taɓa fitowa tsakaninsu ba.

Bana babbar 'yarsu ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, a wani gari. Gida ya cika da murna. A daidai lokacin ne ruwan ya fara haske. Toka-toka, sannan kamar ruwan da aka ɗauraye kofi, sannan kumfa fara tas.

Wata safiya ta same ni ina goge tsohuwar motata.

"Kawu, har yanzu ruwa na shigo maka ta ƙofar nan?"

"Tun kafin a yaye ki yake shigowa."

"Ya kamata a canja robar. An ce a bakin kamfaninsu akwai ɗan shago, suna sayar wa mutum ko ɗaya yake so. Sai in raka ka."

Na ci gaba da gogewa. Na ce, "Ban san kina tausayin motata haka ba."

Ta zauna a kan benci, ta daɗe tana murza zoben hannunta. A nan ta ba ni labarin waccan shekarar, wanda ban taɓa ji ba.

"Wancan karon shafawa yake yi kafin ya taho," in ji ta. "Wannan karon ko shafawar ba ya yi. Ko dai ya gaji da ɓoyewa, ko garin ma babu."

"Kin tambaye shi?"

"In ce masa me, Kawu? Don me ka dawo da tsabta? Ga shi ya koma shiru-shiru, in ya shigo sai ya riƙa duba tafin hannunsa. Yarinya kuma ta haɗa akwati. In aikin nan ya tafi, ban san da wane baki zan ce mata ta kwance ba."

Na ce ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ya tsaya a bakin rijiya ya fi na gida sanin dalili. Na buɗe mata ƙofar da ke buɗuwa.

Tun daga kwanar kamfanin muka tarar da manyan motoci a jere, ana loda musu kwalaye. Ta dafa ƙirji.

"Ka gani ko? Kwashe kaya suke yi."

Maigadi tsohon sani ne, tare muka yi tuƙi a da. Ya leƙo ta taga ya dubi motar, ya dube ni.

"Tsoho, wannan ba roba take so ba, addu'a take so."

"Kai ma ita kake so. Me ake kwashewa haka?"

"Kaya mana. Wani kamfanin harhaɗa motoci ne ya ce duk robar ƙofarsa da ta inji a nan za a riƙa yi masa. Mai kamfaninmu ya ga abin ya fi ƙarfin tsofaffin injuna, ya nemo abokai suka zuba jari. Ba ka ga sabon ginin can ba? Yanzu mutane ake nema, ba kora ake ba." Sai ya hango ta a gefe. "A'a, yau matar Mai Kwaɓi ce da kanta? Ku shiga, amma kar ku taɓa komai. Musamman kai."

Ba ta yarda ba tukuna. Na gani a tafiyarta.

Sabon ginin dogo ne, ƙasansa a share. A tsakiya wani inji ne rufaffe kamar ɗaki, bututu yana sauko masa daga sama. Ta cikin bututun baƙin garin ke shiga, ba mai taɓa shi, ba ya ko tashi. Ta ƙasa roba ke fitowa shimfiɗe, da zafinta, tana sheƙi. A gefe, bayan gilashi, wani mutum ne a tsaye da riga mai tsabta da tabarau, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kar ya tashi jariri. Sai da ya juyo ta gane shi.

Ya cire tabarau da sauri ya soka a aljihu, ya fito.

"Kawu, ina kwana. Lafiya dai? Wani abu ya samu yara?"

"Lafiya lau. Roba muka zo saya."

Ita ba ta dube ni ba. Injin take kallo, da robar da ke ta fitowa ba tsayawa.

"Baban yara, tun yaushe?"

"Ai na gaya miki an kawo sabon inji."

"Ka ce an kawo inji. Ba ka ce ya zo da sabulunsa ba."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi tafin hannunsa, irin duban da ta ba ni labari.

"Ni kaina ban saba ba," in ji shi. "Abin da muke kwaɓawa a wuni yanzu kafin rana ta take an gama. Amma mutum ya wuni bai yi datti ba, in na shigo layi sai in ji kamar daga yawo nake. Ga tabarau kuma. Wai sai da shi zan ga lambobi."

"Shi ya sa kake ɓoye shi a aljihu?"

"Kin gani?"

"Ni ke wanke aljihun."

Ta yi ajiyar zuciya, doguwa, ta nemi wani akwatin katako ta zauna. Kafaɗunta suka sauka. Ya tsaya a kanta bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

"Kin ɗauka aikin ne ya tafi?"

"Ruwa ya yi fari."

"Da ya tafi ai da na gaya miki."

Ta ɗago ta dube shi, ba da faɗa ba. Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga.

"Waccan shekarar," ta ce, "nan ka riƙa mantawa."

Ya taɓa wuyan rigar. Ni kuma na ga wani bututu a can gefe da ya kamata in duba. Daga inda nake na ji ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ita ma ta taya shi. Da na waiwayo ya mayar da tabaransa, yana nuna mata maɓallan, tana gyaɗa kai kamar ita za ta karɓi aikin gobe.

Muka kama hanyar komawa, har muka kusa gida. Ta ce yanzu sai ta sake koyon karatu, don ta lura warin roba mai zafi yana nan a wuyan riga, kuma wari ba ya shafuwa. Muna tsayawa ta shiga tana kiran 'yarta, ta kawo akwatin a ƙara mata zannuwan gado.

Ni na kai yarinyar tasha, uban a gaba da tabarau, uwar a baya rungume da jaka. Robar ƙofar dai ba mu saya ba har yau. Amma ta ba ni babban bahon, ta ce ba ta da aikinsa yanzu, in ajiye a ƙasan kujerar motar saboda ruwa.