Shekarar da Aka Kulle Inna

Inna, mahaifiyarmu, ba ta san zama ba. Da hantsi za ta yafa mayafi ta bar gidanmu na Ƙofar Kaura, barka nan, dubiya can, har Ƙofar Sauri a ƙasa, ta dawo da la'asar da labarin gari duka a bakinta.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, Yaya ya samu ƙarin albashi a ofis, ya biya mata kujerar Makka. Ana cikin murna sai annobar amai da gudawa ta shigo gari. Yaya ya rantse babu mai fita, balle Inna da tafiya ke gabanta. Ya sa sakata a zaure, shi kaɗai ke cefane. Ni kuwa ina gida wankan jego, kullen bai ƙara mini komai ba.

Mu a gidanmu abin kunya ne tsohuwa ta ɗaga ko da kara alhali yara na zaune. Da can tana waje, ba mu samu damar gwada mata ladabi ba. Yanzu da ta shigo hannu, muka huce. Ta kai hannu ga buta, matar Yaya ta fizge. Ta nufi rijiya, jikoki su riga ta guga. Yaya ya sayo mata katifar soso mai laushin tsiya, aka girke ta a kai ana dura mata fura da tsire. Ta yi kumatu, muna ta yaba kanmu.

Sai gwiwa ta fara, baya ya biyo. Muka ce sanyi ne, muka ƙara mata bargo, muka hana ta ko zuwa bakin murhu. Ranar da ta yi sujada ta kasa tasowa sai da na kama ta, na ga hawaye a idonta, hankalina ya tashi. Ta taɓa jin cewa tsofaffin da ba sa iya tafiya, a kan wani gadon katako ake ɗaukarsu a yi musu ɗawafi. Wannan ne tsoronta, ya fi na annobar.

Yaya ya kawo zancen allura. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Mi allura za ta yi mani? Ku kuka kashe mani ƙahwa da ladabinku. Ku ba ni tsintsiya."

Yaya ya ce idan maƙwabta suka ji fa? Ta ce ai shi ya kulle zaure, wa zai gani.

Haka muka zauna a tabarma kamar baƙi, kunya kamar ta kashe mu, tsohuwa na shara tana nishi. Ta jingine katifar, ta koma tabarmarta. Daga shara ta kai ga guga, daga guga ta ƙwace taɓarya. Matar Yaya har kuka ta yi. Ni dai haushin kaina nake ji, ina kuma dariya a ɓoye, don duk wanda ya motsa zai taimaka sai ya sha harara.

Annoba ta lafa, jirgi ya tashi da ita. Da ta dawo, gida cike da 'yan sannu da zuwa, Yaya ya durƙusa yana tambayar Hajiya yaya gwiwa. Ta kama kansa ta dafa.

"Da ƙahwata na zagaya Ɗakin Allah, ɗan nan. Ba wanda ya ɗauke ni."