Shafin da Na Ji Kunyar Karanta wa Baba

Edita, a shekarun da wannan abu ya faru ni ɗaliba ce a Birmingham, ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna a jami'ar da ke Edgbaston, ina zaune a wani ɗan flat a Ladywood. Shekaruna ashirin da bakwai, ban yi aure ba, kuma ina ji da kaina ta fuska biyu, ilimi da tarbiyya. Tallafin karatu ba ya kai mutum ƙarshen wata, don haka na nemi aikin ƙarshen mako, na samu a wani ƙaramin kamfani mai sayar wa tsofaffi inshorar lafiya. A ƙasar, asibitin gwamnati kyauta ne, sai dai akwai layi, wani lokaci na watanni. Mu abin da muke sayarwa kati ne da zai kai mutum asibitin kuɗi ba tare da jira ba, idan sabon ciwo ya same shi.

Na shiga aikin daidai lokacin da hukuma ta tsaurara dokoki a kan dillalai irinmu, saboda an sha cutar tsofaffi. Kwana uku ana koya mana. Dole ka faɗa wa mutum da bakinka cewa kai ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Dole ka karanta masa tambayoyin lafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ya amsa, kai ka rubuta. Dole ka bayyana masa cewa katin ba ya ɗaukar ciwon da ya riga ya kama shi. Sannan ko da wasa kada ka sa shi ya bar layinsa na asibitin gwamnati. Aka yi mana jarrabawa, ni na zo ta ɗaya. Da manajanmu ya gane ina jin Hausa, sai ya ce akwai Hausawan Ghana da yawa a Manchester da ba wanda ya taɓa zuwa musu. Daga nan kowace Asabar sai in hau jirgin ƙasa in nufi Gorton, unguwarsu a Manchester.

Mutanen sun karɓe ni hannu bibbiyu. Suna tsokanata wai Hausata ta littafi ce, ni kuma ina tsokanarsu da barkonon da suke zuba wa wake da shinkafa. Wata mai sayar da kayan miya a kasuwar unguwar ita ta kai ni gidan dattijon da zan kira Baba. Mutumin zangon Kumasi ne, ya kusa saba'in, ya yi shekaru yana gyaran motocin bas kafin ya yi ritaya. Turancinsa na wurin aiki ne, ba na takarda ba, shi ya sa ya ji daɗin samun wadda za ta yi masa bayani da Hausa. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa kan kafet, shi yana kan kujera, matarsa tana gefe. Wani maƙwabci ya leƙo, Baba ya gabatar da ni a matsayin 'yarsa daga asibitin gwamnati. Na ji sarai, na yi murmushi. A gidanmu ba a gyara wa babba magana a gaban baƙo.

Muka bi fom ɗin lafiya lau har muka kai shafi na uku. Tambayoyin wurin a kan mafitsara suke: ko yana yawan tashi fitsari, ko yana fita da ƙyar, ko ya taɓa ganin jini, ko ya taɓa kai wa GP, wato likitan unguwa, kukan haka. Na dubi shafin, na dubi furfurarsa, na dubi matarsa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ni budurwa, in tambayi sa'an mahaifina yadda fitsarinsa yake? Sai na dunƙule su duka na ce masa jiki dai da sauƙi ko. Ya ce alhamdu lillahi, sai tsufa. Na bi layukan na cike a'a daga sama har ƙasa, na miƙa masa ya sa hannu. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A cikin awa ɗaya da na yi a ɗakin, sau uku ya tashi ya hau sama zuwa banɗaki, kuma ni ɗalibar magani ce, na san abin da hakan ke nufi ga namiji mai shekarunsa. Bayanin tsohon ciwo ma na tsallake shi, don yin sa zai dawo da ni kan shafin.

Bayan kamar wata biyu ya kira ni ina ɗakin karatu. Ya ce asibiti sun aiko masa letter, sun ba shi appointment na wani gwaji, amma sai nan da makonni masu yawa. Ya tambaye ni ko da katina ma sai ya jira. Ban tambaye shi gwajin mene ne ba, don na riga na zata, kuma ba na so in ji. Na ce masa ai amfanin katin ke nan, ba jira. Ya sa mini albarka. Ashe yana ajiye wayar ya kira asibitin ya ce su ba wani gurbinsa, tunda a ganinsa ni da su duk abu ɗaya ne.

Da ya nemi amfani da katin, kamfani ya nemi takardunsa daga GP, aka ga ya fi shekara yana kai kukan fitsari. Aka soke inshorar, aka ce ya ɓoye ciwo. Wasiƙu suka yi ta kai da kawo, shi kuma bai gaya wa 'ya'yansa ba, saboda ciwon ba irin wanda uba ke faɗa wa 'ya'ya ba ne. Kafin babbar 'yarsa, wadda ke aiki a council, wato ƙaramar hukuma, ta ga wasiƙun ta mayar da shi layin gwamnati, an ci watanni. Da aka yi gwajin, ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai ƙashi. Likitoci ba su ce da an yi da wuri zai warke ba. Ba su kuma ce ba zai warke ba.

'Yar ta kai ƙara. Kamfani ya turo wata jami'a mai binciken bin doka, aka kira ni, muka zauna a ɗakin nan na Gorton. Idan aka same ni da laifi aikina ya tafi, kuma maganar za ta iya bin takarduna har jami'a. Jami'ar ta tambayi Baba ko na karanta masa tambayoyin shafi na uku. Ya rame, yana zaune a kan filo biyu. Bai ko dube ni ba ya ce na karanta masa duka, shi ne ya ce a'a. Ta tambaye shi ko na ce daga gwamnati nake, ya ce shi ne bai fahimta ba. 'Yarsa ta yi masa magana da Turanci, ta ce ya faɗi gaskiya. Ya amsa mata da Hausa cewa yarinyar nan 'yar mutane ce, iyayenta karatu suka turo ta, ba za a kore ta a kansa ba. Aka juyo gare ni ko ina da abin ƙarawa. Na ce babu.

An wanke ni a rubuce. Na ajiye aikin da kaina, na gama karatu. Baba ya rasu kafin in dawo gida. Na je gaisuwa, matarsa ta riƙe hannuna ta yi mini godiyar zuwa, 'yarsa kuwa ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na daɗe ina kiran abin da na yi kunya. Yanzu da na manyanta na san akwai kunya a ciki, amma akwai son kai, domin kaina na kare daga minti biyu na jin nauyi, shi kuma ya biya da watannin da ba su dawowa. Dokokin nan da muke gani kamar rashin ta ido na Turawa, don irin Baba aka yi su. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da lafiyar tsofaffi, idan ya zo kan tambayar da bakinsa ba zai iya ba, ya ajiye biro ya nemo wanda zai iya, namiji ya tambayi namiji, mace ta tambayi mace. Ku kuma 'ya'ya, kada ku bar iyayenku su sa hannu a takarda ba ku karanta ba, ko da mai takardar ta durƙusa ta yi gaisuwa da Hausa. Ni ma na durƙusa, kuma gaisuwata ba ta da aibu ko kaɗan.