Jar Hular Gareji da Zaɓen Amurka

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Gharrafa a ƙasar Larabawa, damuwata guda ɗaya ce: ɗana ya cika shekara uku da wata huɗu bai fara magana ba. Ba kurma ba ne, sau biyu aka gwada kunnensa. Ko firji na buɗe a kicin yana ɗaki zai ji ya taho. Amma "Mama" ɗin nan da kowace uwa ke samu kyauta, ni ban samu ba. Sai dai ya kamo hannuna ya ja ni zuwa abin da yake so. Mahaifiyata kullum a waya cewa take in kwantar da hankalina, wai ƙaninta ma sai da ya kai shekara biyar kafin ya yi magana, yanzu kuwa ba mai iya rufe masa baki. Sai in yi dariya don ta ji daɗi, in ajiye waya in koma ƙirga watanni.

Maigidana injiniya ne a wani babban garejin motoci a Sanaiya, unguwar masana'antu, kamfaninsu ne ya kama mana gida a wani rukunin gidaje mai filin wasan yara a tsakiya. Mu kaɗai ne Hausawa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, Turancina na cefane ne, ina ji fiye da yadda nake mayarwa. Amma wanda bai iya yaren mutane ba, fuskarsu yake karantawa, kuma a nan ba na wasa.

Akwai mata biyu 'yan Amurka a rukunin. Ɗaya tana koyarwa a wata makaranta, ina kiranta Malama, tana da 'ya mai shekara huɗu. Ɗayar mijinta a kamfanin gas yake, ba ta da yara sai wani ƙaramin kare mai riga, ita kuma na sa mata suna Mai Kare. Kullum bayan la'asar benci ɗaya suke zama kusa da lilo, filas ɗin kofi ɗaya a tsakaninsu.

'Yar Malama kuwa rediyo ce. Ta ɗauki ɗana kamar 'yartsanarta. Sai ta riƙe kumatunsa da hannu biyu ta yi ta maimaita masa kalma har sai ya motsa baki. Wata rana suna saman zamiya ta ce masa "yalla", wato "mu je", sai na ji murya daga bakin ɗana ta ce "yalla". Wata tara na ɗauke shi a ciki, kalmarsa ta farko Larabci ce daga bakin Ba'amurkiya. Ban yi kishi ba, kuka na yi a gaban mutane. Cikin wata biyu kalmominsa suka kai tara. Likitar da ke duba shi ta ce duk abin da zan yi, kada in raba shi da yarinyar nan.

Sai zaɓen ƙasarsu ya matso. Abin da na fara gani shi ne filas ya zama biyu. Bayan mako guda benci ma ya zama biyu. Na tambayi maigidana, ya ce jam'iyya ce ta raba su, ɗaya tana bayan shugaban da ke kan mulki, ɗayar tana son a kayar da shi. Na yi mamaki ƙwarai. Tun ina yarinya in aka sace akwatin zaɓe a mazaɓarmu, manya cewa suke a Amurka ba a haka.

A kwanakin ne garejin su maigidana suka raba wa ma'aikata hular hana-sallah, ja, da sunan garejin da farin rubutu a gaba. Ɗana na ganinta ya ƙwace. Na matse masa ita ta baya, da ita yake cin abinci, da ita yake wanka in ban yi da gaske ba. Har hoto na ɗauka na tura wa mahaifina a Kano, wanda shi ma jar hula ce alamar siyasarsa. Ya turo murya yana ƙyalƙyala dariya, wai jikansa ya shigo layi tun kafin ya yi rajista.

Ranar da ya fara fita filin wasa da hular, Malama ta hango shi daga nesa. Na ga fuskarta ta rufe kamar an ja labule. Ta kira 'yarta, ta kwashi kayansu, ko kallona ba ta yi ba. Ita kuwa Mai Kare, wadda gaisuwarmu ba ta taɓa wuce ɗaga hannu ba, sai ga ta ta rungume ni tana nuna hular tana dariya, ta ce lallai sai na zo na sha shayi. A tarbiyyarmu ba a ƙin gayyatar maƙwabci, sai na bi ta.

Awa guda tana magana. Iya abin da na tsinta, cewa take ana shirin sace musu zaɓe, wai matattu ma suna jefa ƙuri'a, wai ta aika tata ta gidan waya amma ta san a kwandon shara za ta ƙare, wai iyalan jagoran ɗaya ɓangaren sun ci kuɗin ƙasashen waje sun ƙoshi. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai irin na baƙo, ita tana ɗauka shaida nake ba ta.

Daga ranar 'yar Malama ba ta ƙara fitowa ba. Ɗana sai ya ja hannuna zuwa ƙofar gidansu, ya tsaya da hularsa yana ce wa ƙofa "yalla, yalla". Ina ganin labule yana motsi, ba a buɗewa. Kwana uku, kwana biyar. Kalmominsa suka fara zubewa ɗaya-ɗaya. A rana ta tara ko "yalla" ɗin bai ce ba, ya tsaya kawai yana kallon ƙofar.

Maigidana ne ya gano bakin zaren. Ya nuna mini a waya hoton taron magoya bayan shugabansu, kowa da jar hana-sallah mai farin rubutu. Ya fara dariya, da ya kalle ni ya haɗiye ta. Ya ce in cire wa yaro hular kawai, khalas, shi ke nan. Na ce Maigida, zan cire, amma sai Malama ta karanta ta tukuna.

Washegari na riƙe ɗana da hannu ɗaya, hular a ɗayan, na yi ta buga ƙofarta har ta buɗe. Na ɗora mata ita a tafin hannu.

"Karanta," na ce mata da Turancina na cefane. "Ke ce malama, ba ni ba."

Ta karanta. Sunan gareji ne, a ƙasa an rubuta gyaran birki da na'urar sanyaya mota. Kunnuwanta suka yi ja. Ta ba ni haƙuri, amma ba ta kauce daga bakin ƙofa ba. Ta ce ai ta ga na shiga gidan waccan. Daga nan ta ɓalle da magana. Wai shugaban ya mai da fadar mulki shagonsa, 'ya'yansa da surukansa na cin kasuwa da sunan ƙasa, abokansa in sun yi laifi ya yafe musu. Wai shekara biyu ba ta magana da ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya saboda mutumin nan. Ta ce ita ma ba ta yarda za a ƙirga ƙuri'arta ba.

A nan raina ya gama ɓaci. Mata biyu masu digiri, kowace ta rantse ɗayar ce ɓarauniyar zaɓe, kowace ta tabbata ba za a ƙirga tata ba, sun kasa zama a benci ɗaya su ga cewa kuka iri ɗaya suke yi. Sai ɗana mai kalma tara aka ga ya dace ya ɗauki hukuncin.

"Shugabanku ɓarawo, to na ji," na ce, rabi Turanci rabi Hausa. "Namu ma mun san halinsu. Amma wannan," na tura ɗana gabanta, "me ya sata? Kalma tara gare shi. Yanzu babu ko ɗaya."

Ta sunkuya ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta ce ya riƙa zuwa, amma don Allah ban da hular, ganinta kawai yana tayar mata da zuciya. Na so in ce mata ni ma ganin ƙofarta a rufe ya tayar mini da tawa. Na haɗiye, domin ni ce mai buƙata. Kafin mu gama, yarinyar ta kutso ta ƙarƙashin hannun uwarta ta cafke kumatunsa.

Da yake yaron ba ya zama ba hula, maigidana ya samo masa wata daga shagon masu taya, shuɗiya. Ashe shuɗi kuma launin ɗaya jam'iyyar ne. Washegari Mai Kare ta wuce ni kamar ba ta taɓa zuba mini shayi ba. Wannan kam bai dame ni ba, karenta ba ya koya wa kowa magana.

Sai da aka yi kusan wata guda kafin kalmomin ɗana su dawo. Aka yi zaɓensu, aka yi ta rigima a talabijin kan wa ya ci wa ya sata, ban ƙara sauraro ba. Ƙarshen shekarar karatu Malama ta koma ƙasarsu, mu kuma muka koma unguwar Thumama. Yau ɗana yana makaranta, yana mini gardama da yare uku.

Amma har gobe in na tuna sai in ji zafi. Watan nan da aka ɗauke masa, a shekarun da likita ta ce kowane mako yana da daraja, ba wanda ya mayar masa da shi. Shugabannin da aka yi dominsu ba su san an yi ba, kuma na tabbata ba a taɓa rufe wa jikokinsu ƙofa ba. Abin ya sa na dubi gidanmu ma. Mahaifina da ƙaninsa, tun wani zaɓen gwamna ba sa zama tabarma ɗaya, 'ya'yan baffan nan da muka tashi tare ko lambarsu ba ni da ita. A da ina ganin wannan jahilcinmu ne. Ashe masu karatu ma in sun daina yarda da akwati, maƙwabci suke fara tuhuma.

Ga roƙona gare ku, musamman iyaye mata. In zaɓe ya zo, ku yi faɗanku, ku raba filas, ku raba benci in kun ga dama. Amma in yaron maƙwabta ya tsaya a ƙofarku yana neman abokin wasansa, don Allah ku buɗe masa.