Masai Mai Kallon Alƙibla

Shekarar da China take shirin wasannin Olamfik, ina zaune a Guangzhou ina saro wa yayana kayan sawa a kasuwar Shisanhang. Kafin nan ni magini ne a Kano. Muna haya a wani dogon bene bayan titin Liuhua Lu, ni da wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya girme ni, mai sarin fitilu da rediyo.

Samun gida a lokacin ba wasa ba ne. Ana ta binciken takardun baƙi, masu gidaje duk sun tsorata. Sai ka ga ɗaki babu kowa, mai shi ya dube ka ya ce "meyo", wato babu. Mutanenmu da yawa sun koma kwanan otal a cunkushe. Duk wanda ya rasa gida a watannin nan, da wuya ya sami wani.

Alhaji ne ya fara lura da masanmu. Irin na tsuguno ne, kuma wanda ya tsuguna yamma zai kalla, alhali a can alƙibla tana yamma. Tun da ya gane haka hankalinsa bai kwanta ba. A karkace yake tsugunawa, ya fito yana dafe da gwiwa. Kullum sai ya yi mini gori, wai ga magini a gida amma tsoho yana shan wahala, ko dai ginin Kanawa a baki yake.

Na duba aikin na ga ba wani abu ba ne. A gida na sha yin irinsa, kuma ban taɓa neman izinin kowa ba sai mai gidan da ya kira ni. Na sayo guduma da siminti da guntun bututu, na fasa tayil. A ƙarƙashi na tarar da wani baƙin abu kamar kwalta, na ɗauka ragowar shara ce ta masu gini, na kankare shi tas. Na juya masan ya kalli kudu, na daɓe. Alhaji ya shiga ya fito yana sa mini albarka.

Ba a yi mako ba wata tsohuwa da ke zaune a ƙarƙashinmu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta kama hannun rigata ta sauko da ni. Rufin ɗakinta ya kumbura, ruwa yana ɗiga cikin roba, bangon da ke kusa da gadonta ya yi baƙi. A nan na gane abin da na kankare. A gidajen da na saba ginawa, ƙarƙashin banɗaki ƙasa ce, ita take shanye ruwa. A nan ƙarƙashinsa mutum ne.

Mai gidan, da muke ce wa laoban, ya zo tare da wani daga ofishin kula da benen, muka kira wani ɗan Ghana mai jin yarensu. Ashe ba a taɓa daɓe ko bango sai an sanar da ofishin, su ba da izini a manna a ƙofa, kuma sai mai shaidar aiki ne zai yi. Laoban ya ce yana cikin yarjejeniyar haya. Ban yi musu ba. Lokacin ko bokon Hausa ban iya ba, sai da na dawo na shiga ajin manya, balle rubutun Sin. Ya ce ya yi wa gidan inshora, abin da na ɗauka mota kawai ake yi wa, amma kamfanin ya ƙi biya tunda aikin ba shi da izini. Daga nan ya ce mu tashi ƙarshen wata.

Alhaji ya fara ɗaga murya, na taka masa ƙafa. Na ce wa ɗan Ghanan ya tambaya, idan an gyara yadda doka ta ce kuma tsohuwar ta janye ƙarar da ta kai ofishin fa? Laoban ya ce sai ya ga rufin ya bushe.

Aka kawo magininsu. Na zama leburansa, ina kwaɓa siminti ina kallon yadda yake shafa baƙin abin nan har ya hau bango kamar taƙi guda. Ya mayar da masan yadda yake da. Sannan ya toshe magudana, ya cika banɗakin da ruwa, ya ce kada kowa ya shiga sai an kwana biyu. Muka riƙa zuwa otal ɗin mutanenmu yin wanka. Ni kuma na sauka wurin tsohuwar, da izinin ofis, na kankare bangonta na yi mata sabon shafe da fenti. Tana zaune tana kallona, tana zuba mini shayi marar sukari.

Ranar Juma'a a cikin kwanakin nan, bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, Alhaji ya ba wani malami ɗan Yamai labarin. Malamin ya ce ai a wurin malamanmu na Malikiyya hanin fuskantar alƙibla na fili ne, cikin ginannen banɗaki babu laifi.

Muka taho, da muka hau bas Alhaji ya juyo gare ni.

"To kai malam magini, don mi ba ka tambaya ba kahin ka hwasa?"

"Alhaji, ni da guduma aka kira ni, ba da littafi ba."

Washegari aka taru a ɗakin tsohuwar, kowa ya ɗaga kai. Ta hau kujera da kanta, ta shafa rufin da tafin hannu, ta duba hannun, ta gyaɗa wa laoban kai. Laoban ya ce mu zauna a gidan, amma ya nuna gudumata ya ce ta bar gidan. Na kai wa magininsu ita kyauta.

Muka ci gaba da zama a gidan har bayan an gama wasannin. Alhaji kuwa bai daina tsugunawa a karkace ba. Ya ce gwiwar ta riga ta saba.