Na Tafi Ɗauko Inji, Na Dawo da Igiya

Laraba: Gida zuwa Tawa

Ƙarfe biyar da rabi, muna sallame asuba, na hau amalanke zuwa Affala. Kwana tara ke nan famfon garinmu ya mutu, mata na tafiyar awa biyu neman ruwa, shanu sun fara ramewa. Ni ne sakataren kwamitin ruwa, ni aka tura Tawa in karɓo sabon injin da furojen Turawa, wato shirinsu na taimako, ya yi mana alkawari.

A bakin gari na wuce Baba Sha'aibu, mahaƙin rijiya, zaune gefen tsohuwar rijiyarmu. Bara ni na miƙe gaban mai gari na ce a cike ta, zamanin guga ya wuce. Shi kaɗai ya ƙi, ya rufe ta da itace da ƙaya.

"Ka riƙo mana igiya, Sakatare," in ji shi.

"Igiyar me, Baba? Inji zan kawo!"

Ƙarfe takwas mota ta cika a Affala. Kuɗin mota ya ninka, na yi ƙorafi, direba ya ce, "In ka buɗe iyakar Najeriya fetur ya shigo, sai in rage." Jandarmomi suka duba katinmu a shinge, muka shiga Tawa tara da kwata.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar furoje. A kulle na tarar da ita, da kwaɗo ƙato! Mai gadi na shan shayi gindin bishiyar bedi.

"Malam, ina mutanen?"

"Sun tafi. Tun da sojoji suka karɓi mulki gwamnatinmu da tasu ba sa ga maciji. An janye taimako."

"Injinmu fa?"

"Yana tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Iyaka a rufe, wa zai kawo?"

Innalillahi! Na zauna a ƙasa. Wallahi da nake jin takunkumi a rediyo, na ɗauka rigimar manya ce a Yamai. Ashe har cikin randar matata zai biyo mu.

Na zaga shago shida a kasuwa neman kayan gyaran famfo, maganar ɗaya ce: daga Sakkwato kayan ke zuwa, yanzu babu. Na sauka gidan ƙanwata Hadiza mai sayar da ƙanƙara. An yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, firijinta ya zama ma'ajin kwanuka. Ta kawo tuwon gero da miyar kuka, loma uku na yi.

Alhamis: Komawa

Da safe na sayi igiya gaba arba'in da guga biyu. Kunya kamar in nutse.

Bayan la'asar na iso. Gari duka ya taru bakin tsohuwar rijiya, an janye ƙaya. Na faɗi abin da na gano. Baba Sha'aibu ya matso. Ya karɓi igiya, ya ja ta da ƙarfi, ya ɗaura mini a ƙugu.

"Yashi ya taru a ƙasa. Ni na tsufa, Sakatare. Shiga."

Na shiga ina salati. Guga na sha ɗaya na turo sama da yashi, sai na ji sanyi ya taɓa yatsun ƙafata. Na kwarma ihu, mata suka rangaɗa guɗa.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Sha'aibu da bai saurare ni ba.