Ƙoƙon Hamidu

A Ollelewa in ka ce Hamidu Mai Ƙoƙo, ba wanda zai tambaye ka wane Hamidu. Manomin gero ne kamar kowa, sai dai a gefen gonarsa yana shuka wata kankana da ya gada wurin ubansa, mai duhun bawo, zaƙi har ka. Kuma kada a ɗauki alhakinsa, ba marowaci ba ne. Zai yanka maka ka sha sai ka ture. Amma fa yana tsaye a kanka da ƙoƙo, duk ƙwayar da ta shiga bakinka sai ka tofo ta ciki. Liman ma bai tsira ba. Maƙwabcinsa Mailafiya ya roƙi irin nan tun suna da baƙin gemu, amsar ɗaya ce: "Na Baba ne, ba ya fita gida."

Irin yana cikin gora, gauraye da toka, a rataye a ɗaki.

To, da ranin bara aka auna Hamidu a gidan likita, aka ce hawan jini. Hankalin matarsa Radiya ya tashi. Ana nan ta ji wani a rediyo yana cewa ƴaƴan kankana suna tsare jiki daga lalacewa, yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ita kuwa ga magani a rataye bisa kanta. Ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, ta wanke tokar, ta soya, ta daka, ta zuba a miyar kuka. Hamidu yana ci yana lashe hannu. Har majalisa yake zuwa yana yabon miyar, wai jikinsa sakayau kamar na saurayi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ya sauke gora ya zazzage. Toka zalla.

"Radiya, ina irin Baba?"

"Yana jikinka, Malam. Ba kai ka ce ka ji sauƙi ba?"

Hamidu ya zauna daɓas a ƙasa. Ba rashin kankana ya dame shi ba. Abin da ya rage masa na ubansa ke nan, ga shi ya haɗiye shi da tuwo, har yana neman ƙari. Idonsa ya cika.

Da la'asar sai ga Mailafiya da ƙullin tsumma, yana sosa ƙeya.

"Ka tuna ranar sunan ƴarka Samira, da na riƙe kunci na ce haƙori, na tafi ba sallama? To, ba haƙori ba ne, iri ne na cika kumatu da shi. Can Tarka nake shukawa, gonar surukaina, don kada ka gani."

Hamidu ya kwance ƙullin ya duba da kyau. Shi ne, ba tantama.

"Ɓarawo," ya ce. "Allah ya yi maka albarka, ɓarawo."

Bana ma an sha kankana a gidan Hamidu, kuma ƙoƙon yana nan. Sai dai yanzu in ka gama tofawa, aljihunka yake buɗewa ya juye maka, ko kana so ko ba ka so.