"Da Sauƙi" Ta Kusa Raba Ni da Madina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, har wasu sun ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, hannun da nake rubutu da shi ne ya ƙi ni.

Wata safiya ina zuba shayi a gidana da ke unguwar Jurf, nan Madina, kofi ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, ƙafar dama ta ƙi motsi. Maƙwabciyata ce ta ji faɗuwata ta kira motar asibiti.

Suka ce jalɗa ce, wato shanyewar ɓarin jiki. Hoton kai, ɗibar jini, awon hawan jini safe da yamma. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kuɗin kwanciya bai dame ni ba, na san ɗan ƙasa ba ya biya a asibitin gwamnati. Bayan sallama ne ban san yadda zan yi ba. Katin ta'amin ɗina, wato inshorar lafiya, ya mutu tun da na bar aikin kicin a wata makarantar kuɗi, kuma a zatona sai mai ta'amin ake bi gida da magani.

A ɗakinmu kowace mara lafiya da murafik ɗinta, mai zaman jinya. Ni kujerar gefena jakata ce a kai. Mijina ya rasu. 'Yata ɗaya, Zainab, tana can garin Dammam mai nisa da aiki da ƙananan yara. Ta zo ta yi 'yan kwanaki, dole ta koma.

Ta waya ta ce, "Ummi, khalas, magana ta ƙare. Ana sallamarki Dammam za ki dawo. Ba za ki zauna ke kaɗai ba."

Gaskiyarta. Amma kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano don ya zama maƙwabcin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Mijina yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ni kuma sai a ɗauke ni a wannan tsufan? Na juya fuska bango na yi kukana.

Wata jami'ar walwala ta asibitin ta zo tana mini tambayoyi da Larabci. Yaya jiki? Na ce alhamdulillahi, da sauƙi. Kina iya wanka da kanki? Alhamdulillahi. Akwai mai kula da ke a gida? Akwai jama'a, alhamdulillahi.

Ta rubuta, ta tafi.

Kun san mu. Ko rai yana hannun Allah, in aka ce ya jiki, da sauƙi za mu ce. Kuma wace Bahaushiya ce za ta buɗe baki ta ce ba ta da kowa?

Mai yi mini gashin ƙafa da motsa jiki, Hawwa, Bahaushiyar Sudan ce. Da ita kaɗai nake Hausa a asibitin. Ranar nan ta shigo tana harara ta.

"Hajja, an rubuta kina wanka da kanki. Ke da cokali ma ke gagara?"

"Ni ban faɗa ba. Cewa na yi da sauƙi."

"To ai gaisuwa kika amsa, ita kuwa tambaya ta yi miki."

Hawwa ce ta fahimtar da ni. Akwai ri'aya manziliyya, ma'aikatan jinya da gwamnati ke turawa gida wurin tsofaffi da waɗanda fita ke yi wa wuya. Akwai kuma tantance nakasa, inda ake iya samun keken guragu ko abin dogarawa. Ba ruwansu da ta'amin ɗin kamfani. Amma da abin da ka faɗa da abin da likita ya gani ake aiki, ni kuwa na ce lafiyata lau, gidana cike da mutane.

Washegari aka sake kiran jami'ar. Na ce, "Ba na iyawa. Kuma ba kowa a gidan, ni kaɗai ce."

Wallahi faɗin wannan ya fi ɗaga ƙafar zafi.

Yanzu ina gidana. Ma'aikatan suna zuwa su duba ni, su motsa mini hannu da ƙafa. Makullina na wurin maƙwabciyata, da haka Zainab ta haƙura. Na fara zuwa Harami a keke, yanzu da sanda nake shiga. Wannan rubutun ma da hannun dama na yi shi, a hankali.

Godiya ga Allah, ga Hawwa, ga maƙwabciyata, ga Zainab da tsoro ya sa ta matsa mini.

Shawarata, in likita ko jami'i ya tambayi tsohonku, ku tsaya kusa, kada ya amsa da gaisuwa. Ku nemi jami'in walwala kafin sallama, ku tambayi ri'aya manziliyya da tantance nakasa. 'Yan uwanmu masu iƙama, wato takardar zama, tsarinku daban ne, ku duba ta'amin ɗinku tun kuna da lafiya.

Mai son jin ya jikina, ya zo Jurf ya tambaye ni a zaune, akwai shayi. Ƙafa da sauƙi, na gaske wannan karon. Gidan ne shiru ya yi wa yawa, kuma na daina cewa akwai jama'a.